Nawa Suke Sayen Buhunsa?

A gidanmu, idan tukunya ta tafasa har ta zube a murhu, yarinyar da aka bar wa tsaron wuta ta shiga uku. Inna takan ce wannan aikin wadda hankalinta ke waje ne. Shi ya sa ranar da na fara ganin wasu mutane sun kewaye tukunya suna jiran ta zube, da ta zube kuma suka ɓarke da sowa kamar an yi haihuwa, abin ya tsaya mini a rai. A cikin wani fim ne na kudancin Indiya, irin waɗanda ake yi wa fassarar Hausa, kuma mai fassarar bai ce uffan a kan tukunyar ba, ya wuce wajen faɗa da soyayya abinsa. Sai daga baya na bi diddigi na gane bikin girbi ne na mutanen Tamil, sunansa Pongal, kuma ma'anar kalmar a harshensu ita ce tumbatsa, wato abu ya tafasa ya cika ya zubo.

Cikin wani watan Janairu na sa labarin a shirina na rediyo. Na ba da shi da zaƙin baki, don ni kaina ya burge ni. Na ce ga wasu mutane can da suka ware kwana huɗu cur don girmama noma da manomi. Da muka buɗe layin waya sai wani dattijo ya kira daga ƙauye, muryarsa tana yankewa. Bayan gaisuwa ya ce: "Ɗana, na ji labarin mutanen nan. Tambaya ɗaya gare ni. In sun gama yi wa manomin biki, nawa suke sayen buhunsa?" Na yi irin dariyar da mu ma'aikatan rediyo ke yi idan an ƙure mu, na ce, "Baba, wannan sai mun bincika," na saki kiɗa. Tun daga ranar tambayar take bi na. Ba farashi kaɗai dattijon ya tambaya ba. Tambaya ya yi ko godiyar da ba ta taɓa aljihun mai yin ta ba godiya ce, ko kuwa wata dabara ce ta cin bashi cikin ladabi.

Bari in fara da bikin kansa, don bai kamata a yanke wa abu hukunci ba a gan shi ba.

Jihar Tamil Nadu tana can ƙuryar kudu maso gabashin Indiya, kuma a ƙidayar 2011 mutanenta sun haura miliyan 72. Babbar daminarsu takan sauka ne daga Oktoba zuwa Disamba, saboda haka shinkafar da suke kira samba tana nuna a Janairu, daidai kamawar watansu mai suna Thai, ranar 14 ko 15 ga wata. Jajibirin ranar shi ne Bhogi: a share gida, a shafe bango, a tattara tsummokara da tarkacen da suka gama aiki a cinna musu wuta da asuba. Washegari ita ce babbar rana. Mata su yi zane a ƙofar gida da garin shinkafa, a kafa murhu a tsakar gida inda rana za ta haska shi, a ɗora sabuwar tukunyar ƙasa wadda aka ɗaura wa gangamau da ganyensa a wuya, a jingina sandunan rake a gefe. A zuba madara da sabuwar shinkafa, daga baya a sa mazarƙwaila da man shanu. Idan kumfa ya taso ya zubo, sai kowa ya ɗaga murya yana kiran sunan bikin. Rana ta uku ta shanu ce, Mattu Pongal: a yi musu wanka, a kankare ƙahoninsu a shafa musu launi, a rataya musu furanni da ƙararrawa, a ba su daga abincin da aka dafa, ranar kuma ba mai ɗora musu karkiya. Ta huɗu ta zumunci ce, a fita a ga dangi. A cikin kwanakin nan gwamnatin jihar tana da ranar hutu da ta raɗa wa suna Uzhavar Thirunal, wato bikin manomi.

Ba jiya suka fara ɗaukaka noma ba. Littafin hikimarsu mafi daraja, Tirukkural, mai baiti 1,330 cikin babi 133, ya ware babi guda sukutum, na 104, a kan noma. Madatsar ruwa ta Kallanai da ke kan kogin Kaveri, wadda ake danganta gininta ga sarki Karikala na daular Chola, ta doshi shekara 2,000 kuma har gobe tana raba wa gonakin Thanjavur ruwa.

Abu na farko da na lura da shi, wanda ban faɗa a rediyo ba don a lokacin ban gan shi ba, shi ne wane ne ke gode wa wane. A asalin bikin manomi ne mai godiya, ba wanda ake gode wa ba. Shi ke miƙa farkon amfaninsa ga rana, wadda mabiya addinin Hindu ke ɗauka abin bauta. A nan ni Musulmi hanyata ta rabu da tasu, don a wurina rana halitta ce mai bin umarni kamar ni, kuma wanda ya hore ta shi ya cancanci sujada. Amma ban zo yin wa'azi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne mutumin da ya fi kowa wahala a kan ƙwayar shinkafar, shi ne ya fara cewa ba ni kaɗai na yi ba. Mu ma a nan haka abin yake: ranar girbi manomi ne ke fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, tun kafin ya kai sauran rumbu. Ko'ina ka duba, mai garma ya riga mai ci sanin bashin da ke kansa.

Sai kuma sa. Na daɗe ina tunanin wannan rana ta shanu. Sa bai san an gode masa ba. Bai san ƙahonsa ja ne ko shuɗi ba, furen da ke wuyansa ma da zai kai bakinsa gare shi cinyewa zai yi. Abin da ya sani shi ne yau an ƙosar da shi kuma ba a sa shi aiki ba. Gobe karkiya za ta koma inda take. Ga dabba wannan ba laifi ba ne, kyakkyawar ɗabi'a ce ma, kuma na so a ce masu amalanken garinmu da ke dukan jaki har ya durƙusa sun san da irinta. To amma a nan ne tambayar dattijo ta cije ni. Idan mutanen birni suka ce yau bikin manomi ne, suka sa farin zane, suka ɗauki hoto da rake, shugabanni suka aika saƙon taya murna, shin ba launi ake shafa wa ƙahon manomi ba, gobe a mayar masa da karkiya? Bambancin kawai shi ne manomi, ba kamar sa ba, ya iya lissafi.

Tarihin jihar yana da shekarar da ta nuna wannan ƙarara. A 2016 daminar ƙarshen shekara ta ƙi, aka yi farin da aka ce an fi shekara 100 ba a ga irinsa ba. Kogin Kaveri daga jihar Karnataka yake gangarowa, kuma jihohin biyu sun shafe fiye da ƙarni suna jayayya kan rabon ruwansa. Madatsar Mettur, wadda bisa al'ada ake buɗewa ranar 12 ga Yuni don manoman ƙasa su fara aiki, ba a buɗe ta kan lokaci ba. Shuka ta ƙone, bashi ya zauna. A Janairun 2017, ana shirin Pongal, gwamnati ta ayyana jihar baki ɗaya a matsayin wadda fari ya afka wa.

A wannan watan ne dubun dubatar matasa suka cika bakin tekun Marina a birnin Chennai, suka kwana suka wuni har kusan mako guda. Abin da ya fito da su shi ne jallikattu, wasan bijimi da ake yi lokacin bikin a garuruwa irin su Alanganallur da Palamedu kusa da Madurai. Ya yi kama da hawan ƙaho na mahautanmu, sai dai su tozo ake runguma, a ga wanda zai jure bijimin bai yar da shi ba. Kotun Ƙoli ta hana wasan a 2014 saboda wahalar da dabbobi. Matasan suka ce al'adarsu ce ba mai taɓa ta, kuma in aka daina wasan ba mai kiwon bijiman gida, irinsu zai ɓace. Kafin wata ya ƙare majalisar jihar ta yi dokar da ta dawo da shi, a 2023 kuma Kotun Ƙoli ta amince da dokar.

Wata biyu bayan taron bakin teku, a Maris, wani gungun manoman Tamil ƙarƙashin jagorancin P. Ayyakannu suka tafi Delhi suka zauna a dandalin Jantar Mantar suna neman a yafe musu bashin banki a ba su tallafin fari. Sun jera ƙoƙunan kai a gabansu, suka ce na ƴan'uwansu ne da bashi ya kashe. Sun riƙe ɓeraye a baki don nuna abin da ya rage musu su ci. Wata rana wasunsu suka tuɓe tsirara a kusa da ofishin firaminista. Dattawa ne fa, masu ƴaƴa da jikoki. Sun kwashe kwana kusan 40 a haka kafin su tashi da alkawari a hannu.

Ba na son in yi wa matasan Marina rashin adalci, don da yawansu sun ambaci halin da manoma ke ciki, kuma maganarsu kan irin shanun gida tana da tushe. Amma lissafi ba ya ƙarya. Wasan bijimi ya samu doka cikin mako guda, mai bijimin ya yi kwana 40 a rana ya koma gida da magana. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dawo da wasa bai ci wa kowa ko sisi ba. Yafe bashi da ƙara kuɗin shinkafa, wani ne zai biya.

Yanzu ga amsar dattijo ta zahiri, tunda na yi masa alkawari. A Indiya gwamnatin tarayya tana yanka mafi ƙarancin farashin da za ta sayi wasu amfanin gona. A kakar 2024 zuwa 2025 ta sa rupi 2,300 kan kilo 100 na shinkafar da ba a cashe ba, jihar Tamil Nadu kuma tana ɗora ɗan ƙari a kai, tana buɗe rumfunan saye a ƙauyuka lokacin girbi. Manomin jihar da ke ban ruwa da famfo ba ya biyan kuɗin lantarki. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, kuma da dattijon ya ji shi na san zai jinjina kai. Sai dai rumfar ba ta karɓar shinkafar da danshinta ya wuce kashi 17 cikin 100, saboda haka in ruwa ya sauka lokacin girbi za ka ga tsibin shinkafa a bakin hanya tana jiran layi har ta tsiro. Kuma duk wannan lissafi na mai buhu ne. Akwai wanda ya duƙa cikin taɓo ya dasa, ya yi ciyawa, ya yanka, ya ɗauko a ka, amma ba shi da buhu ko ɗaya da zai sayar, don gonar ba tasa ba ce.

Wannan mutum shi ne ya fi damuna a duk labarin. A ƙasar Thanjavur, rumbun shinkafar jihar, ƴan ƙwadagon gona akasarinsu ƴan Dalit ne, mutanen da tsarin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa. Al'ada ce mai gona ya ba su sabon zane da ɗan awo lokacin Pongal. Ranar 25 ga Disamban 1968, saura mako uku a ɗora tukunya, a wani ƙauye mai suna Kilvenmani, aka ƙone mutum 44 a cikin bukka guda, mafi yawansu mata da yara. Laifinsu shi ne mazajensu sun shiga ƙungiyar ƴan ƙwadago sun nemi a ƙara musu awon shinkafar da ake biyan su lada. Daga baya babbar kotun Madras ta sallami masu gonakin da aka tuhuma, cikin dalilanta har da cewa da wuya manyan masu dukiya irinsu su taka da ƙafarsu su sa wuta. Mako uku bayan wannan dare watan Thai ya kama kamar yadda ya saba, tukwane suka tumbatsa a gidajen ƙasar. Ashe mutum yana iya ba ka zane da hannunsa kowace shekara, muddin shi ya ga dama. Ranar da ka ce haƙƙinka ne, sai ka ga wata fuskar.

Da na tsaya nan, da na ce dattijo ya yi gaskiya, biki yaudara ne, a tashi. Kuma da na ji daɗin faɗar haka, don ba abin da ya kai tona asirin mutanen nesa sauƙi. Abin da ya hana ni shi ne na tuna aikina. Kowane mako ina karanta farashin hatsi a kasuwanninmu. Shekara da shekaru, idan kaka ta yi gero ya faɗi, nakan buɗe da cewa, "Masu saurare, ga labari mai daɗi." Daɗi ga wa? Ga ni mai albashi da ke auna tiya a kasuwa. Kawuna yana can ƙauye yana saurare na, shi da ya sayar da geron nan da arha a kaka don ya biya bashin da ya ci da damina, kuma shi zai dawo ya saye shi da tsada kafin sabon ya nuna. A shiri guda nakan yi wa noma kirari, na-duƙe tsohon ciniki, in kuma yi murnar faɗuwar kuɗin guminsa, ban taɓa jin maganganun biyu sun yi karo a bakina ba. Mutanen Chennai ko ba komai suna da ranar da suke tsayawa. Ni ban ma tsaya ba.

Daga nan ne ra'ayina ya fara juyawa. Godiya ba biya ba ce, wannan gaskiya ne, amma amsa bashi ce a gaban shaidu. Wanda ya taɓa bin wani kuɗi ya san akwai tazara mai nisa tsakanin mai cewa "na san kana bi na, ka yi haƙuri" da mai cewa "yaushe ka ba ni?" Dukansu ba su biya ba, amma na farkon ya ba ka igiyar da za ka ja shi da ita. Al'ummar da ke fitowa kowace shekara, tun daga shugaba har yaron makaranta, tana cewa da bakinta manomi ne ke ciyar da mu, ta sa hannu a takardar da za a iya ɗauko mata. Tsiraicin dattawan nan a Delhi ya yi zafi ne don akwai masu jin kunya, kuma kunya ba ta kama wanda bai taɓa yarda ana bin sa ba. Inda kalmar "baƙauye" ta zama zagi, manomi ko ya tuɓe dariya za a yi.

Kuma sun ja igiyar, ta motsa. Gwamnatin jihar tana raba kayan biki ta shagunan rabon abinci ga iyalai sama da miliyan 20: shinkafa, sukari, wani lokaci da kuɗi, da sandar rake. A Disamban 2022 ta sanar da kayan ba rake a ciki. Manoman da suka shuka raken don wannan kasuwa suka yi ca, ƴan adawa suka kama, cikin ƴan kwanaki gwamnati ta janye ta ce za ta saya ta raba. Ba wai tausayi ne ya sauko mata dare ɗaya ba. Ba ta iya fuskantar jama'a ne da bikin manomi wanda aka bar manomi da rakensa a gona. A 1999 an buɗe kasuwar farko ta Uzhavar Sandhai a Madurai, inda mai gona ke kawo kayan miyarsa ya sayar wa mai ci kai tsaye ba dillali a tsakani, daga nan ta bazu a jihar. Bayan wutar Kilvenmani kuma wata mata ƴar Dalit, Krishnammal Jagannathan, ta tare a yankin ta ƙarar da rayuwarta wajen ganin gona ta shiga hannun masu noma ta. Ƙungiyar da ta kafa a 1981 ta mallaka wa dubban matan da ba su da ko taki ɗaya filin kansu. Ba zan ce tukunya ce ta yi duk wannan ba, gwagwarmaya ce da jini da ƙuri'a. Amma masu gwagwarmayar ba su fara da shawo kan jama'a cewa noma abin daraja ne ba. Wannan an riga an amsa shi, saura biya.

Akwai kuma ɓangaren bashin da ko an so ba a iya biya da kuɗi. In na ba manomi kuɗin buhunsa cif, na biya geron, ban biya fargabar da ya kwana da ita ba lokacin da hadari ya haɗu ya watse sau uku. Ban biya bayansa da ya ranƙwafe ba. Mun san wannan a kan iyaye: ɗan da ke aika wa uwarsa kuɗi duk wata amma bai taɓa zuwa ya durƙusa ya gaishe ta ba, ba wanda zai ce ya sauke nauyi. Haka ma wanda ke zuwa gaisuwa kullum da hannu rabbana alhali yana da shi. Yarinyar da aka haifa a bene na goma a Chennai, wadda ba ta taɓa taka taɓo ba, sau ɗaya a shekara tana ganin uwarta ta ɗora tukunya ta jingina rake, tana jin an ce wannan daga hannun wasu ya fito. Ko za ta tuna da haka ranar da ta zama mai sa hannu a takardar farashi, wannan ya rage nata. An dai gaya mata.

Dattijon bai sake kira ba, ko kuma ya kira layin bai shiga ba, don yakan cika. Abin da na iya yi kaɗan ne. Na daina cewa "labari mai daɗi" idan hatsi ya faɗi, ina karanta farashin yadda yake, sannan in nemi wani mai gona a waya in tambaye shi ko kuɗin ya fitar masa da abin da ya kashe. Wani abokin aikina ya ce na ɓata shirin, masu saurare na birni ba sa son jin koke da safe. Kakar da ta wuce na je ƙauye na sayi buhu biyu a wurin Kawu, na ɗora masa wani abu a kan farashin kasuwa. Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya zare ƙarin ya miƙo mini, ya ce shi ba almajiri ba ne. Muka yi ta ja har Inna ta leƙo ta ce mu bar abin kunya a ƙofar gida. A ƙarshe ya karɓa, amma da na isa tasha aka sauke kaya sai na tarar ya sa an ɗaura mini ƙullin wake da kuɓewa busasshiya a bakin buhun, waɗanda in an kai kasuwa sun fi abin da na ƙara masa.